Gishirin ƙanƙara na Peladow: yana da ƙarfi, amma ba na watsawa kullum ba ne

Peladow farin sinadari ne na narkar da ƙanƙara, ƙwayoyinsa a mulmule kamar ƙwayar dawa, wanda kamfanin OxyChem ke yi a garin Ludington na jihar Michigan a Amurka. Abin da ke cikinsa kalsiyam kuloraid ne, kusan kashi 90 cikin 100, kuma buhun da aka fi gani a shagunan kayan gini mai fam 50 ne, wato kilo 22.7. Ya fi gishirin dutse tsada nesa ba kusa ba, sau da yawa ninki biyu ko fiye. Ra'ayinmu shi ne ya ci kuɗinsa ga mazauna birane masu tsananin sanyi irin Minneapolis a Amurka, da Calgary da Winnipeg a Kanada, in dai za a ajiye shi don ranakun tsananin sanyi da kuma matakalar ƙofar gida. Wanda zai riƙa watsa shi duk safiya a kan dukan farfajiya, asarar kuɗi kawai zai yi, ya kuma ɓata daɓensa.

Bambancinsa da gishirin dutse yana cikin yadda kowanne ke fara aiki. Busasshen gishiri ba ya narkar da komai. Dole sai ya sami ɗan danshi ya zama ruwan gishiri, sannan wannan ruwan ya ci ƙanƙarar, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa a sifili kamar ruwa zalla. Gishirin dutse, wato sodiyam kuloraid, jiran danshi yake yi, kuma yana buƙatar zafi daga waje kafin ya narke. Shi ya sa da zarar sanyin daɓe ya kai digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas (15 a ma'aunin Farenhait), sai ka ga ƙwayoyinsa zube a kan ƙanƙara har yamma ba su taɓuka komai ba. Shi kuwa kalsiyam kuloraid da kansa yake zuƙo danshi daga iska, kuma yana narkewa yana fitar da zafi. Yana ci gaba da aiki har wajen digiri 32 ƙasa da sifili. A tsakiyar Janairu a arewacin Amurka ko filayen Kanada, wannan tazarar ce ke raba hanyar da za a taka lafiya da wadda za ta karya tsoho.

Siffar ƙwayar ma tana da amfani. Da yake a mulmule take, ɗan ƙaramin wuri take taɓawa, sai ta huda ƙanƙarar ta gangara har ta isa daɓe, ruwan gishirin ya bazu a ƙarƙashi ya raba ƙanƙara da siminti. Aikinsa ke nan: ya kwance abin da ya manne, shebur ya ƙarasa. Mutane da yawa suna zubawa ne da nufin ya narkar da komai ƙarƙaf, kuma a nan matsala ke farawa.

Sai an fara kwashe dusar ƙanƙara da shebur tukuna, tun kafin a tattake ta, domin dusar da ƙafa ko tayar mota ta danne ita ce ke zama ƙanƙara mai tauri. Daga nan a watsa giram 70 a kan kowane murabba'in mita, in ƙanƙarar ta yi kauri a kai har giram 135. Hanya mai tsawon mita 10 da faɗin mita ɗaya giram 700 ya ishe ta, ke nan buhu ɗaya zai yi mata sau talatin da ɗoriya. A yi amfani da ɗan injin watsawa na hannu, ko a huda murfin wata roba a riƙa girgizawa, don ƙwayoyin su warwatsu kada su taru wuri guda. A jira minti 15 zuwa 20, sannan a dawo da abin kankarewa na ƙarfe a ɓamɓare ƙanƙarar, a ture jagwalgwalon gefe.

Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi haɗari. Yayin da ƙanƙara ke narkewa ruwanta yana tsinka ruwan gishirin, ƙarfinsa na raguwa, dare ya yi sanyi ya ƙaru, sai komai ya sake daskarewa ya zama siririyar ƙanƙara mai sheƙi da ido ba ya gani. Mutum ya fito sallar asuba ko aikin safe cikin duhu, yana ganin baƙin daɓe ya zaci jiƙa ce kawai. Irin wannan ne ke faruwa in an kwara ruwan zafi a matakala: na ɗan lokaci ta yi fes, bayan awa ɗaya ta fi da santsi. Kuma in wuri ɗaya ne ke daskarewa kullum, a ɗaga kai a dubi indararo. Yawanci ruwan rufi ne ke zuba a kan hanyar da rana ya daskare da dare, kuma ƙara wa bututun tsawo ya juya zuwa ciyawa ya fi buhu goma magani.

Yanzu ga aibobinsa, don yana da su. In aka cika shi, daɓen ba ya bushewa, saboda sinadarin yana ta jawo danshi, sai wurin ya yi maiƙo-maiƙo yana santsi ko babu ƙanƙara. Wannan maiƙon yana bin takalmi ya shiga gida, ya ɓata tayil da daɓen katako, ya busar da takalmin fata har ya tsage. A shimfiɗa tabarmar goge ƙafa mai kauri a waje da ciki, a riƙa goge wurin da ruwan ɗumi. Yana ƙona fata in hannu da danshi, saboda haka safar hannu ta roba wajibi ce, a kuma nisanta shi da yara. Tafin kare da kyanwa ma yana jin jiki. Ƙarfen dogarawa na gefen matakala da ƙasan ƙofar gareji suna tsatsa da shi, ciyawa da furannin bakin hanya kuma suna ƙonewa in nan ake tara jagwalgwalon.

Batun siminti yana son kulawa. Daɓen da bai cika shekara da zubawa ba, kada a sa masa kowane irin gishiri, yashi kawai. Dalili kuwa narkakken ruwa yana shiga ƙananan ramukan simintin, ya daskare ya kumbura, fuskar daɓen ta riƙa ɓarewa falle-falle. Tsohon bulo da daɓen da ya riga ya tsattsage su ma haka. Takin zamani mai amoniyam naitaret ko amoniyam salfet, wanda wasu ke watsawa a madadin gishiri, ya fi kowanne ɓarna don shi simintin kansa yake ci.

Ajiya ma aiki ce. Buhun da aka buɗe aka bari a gareji, kafin bazara ya dunƙule ya zama dutse ko ya tsiyaye ya zama ruwa. A juye shi a bokitin roba mai murfi da ke rufuwa gam, kada a sa a na ƙarfe.

Akwai kuma ruwan sha da tafkuna. Hukumar kula da gurɓatar muhalli ta jihar Minnesota tana yawan tunatar da cewa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya isa ya gurɓata galan biyar na ruwa, kuma kuloraid ba ya fita daga ruwa in ya shiga. Peladow ma kuloraid ne. In daɓe ya bushe ka ga ƙwayoyi sun rage, an yi yawa, a share a mayar bokiti.

A shago za a ga buhuna masu launi da aka rubuta musu manyan alƙaluman sanyi, farashinsu ƙasa da na Peladow. A juya buhun a karanta abin da ke ciki. Da yawansu gishirin dutse ne aka ɗan gauraya da kalsiyam ko magniziyam kuloraid, kuma abin da aka fara ambata a jeri shi ne yawanci ya fi yawa.

Ga mazauna Ingila, inda sanyi ba kasafai yake kai digiri 9 ƙasa da sifili ba, ba mu ga dalilin sayensa ba. Shawarar gwamnati a can babban cokali ɗaya ne na gishiri ga kowane murabba'in mita, kuma ya wadatar. A Minneapolis da Calgary kuwa, inda doka ta ba mai gida awa 24 bayan tsayawar dusa ya share hanyar ƙafa ta gaban gidansa, tsarin da ya fi dacewa shi ne shebur da wuri, gishirin dutse a ranakun da sanyi ya sassauta, Peladow a matakala da lungun da rana ba ta kai wa, sannan yashi mai tsakuwa a kan duk abin da ya ƙi ɓamɓaruwa. Birnin Calgary yana ajiye gaurayen yashi da gishiri kyauta a wasu ofisoshin 'yan kwana-kwana, sai dai mutum ya tafi da bokitinsa da sheburinsa.