Kamfanin hayar motar da muke ɗauka a ofis: direbobi sun iya aiki, ofishinsu kuwa sai haƙuri

Wani abokina da ya fara aiki da wata ƙungiya ya tambaye ni wane kamfanin hayar mota muke ɗauka in za mu fita daga Abuja, na ce bari kawai in rubuta kowa ya gani. Suna ba zan sa ba, a wajen Garki dai suke, yanayin aikinmu ba a so a san wa ke ɗaukar mu.

Ni ina aiki ne a wani ɗan ƙaramin ofishin jakadanci, ni ke ba ambasada shawara kan siyasar ƙasar nan. Sunan da girma amma aikin na mutum ɗaya ne, in karanta jaridu tun da sassafe, in saurari BBC Hausa, in bi zaman majalisa, in sha shayi da 'yan siyasa da 'yan jarida da malaman jami'a, sannan in rubuta shafi biyu oga ya gyara ya tura gida. Irin su Amurka da Birtaniya sashe guda suke da shi na siyasa, ga motoci ga direbobi. Mu motarmu biyu ce kacal, ɗaya ta ambasada mai tuta, ɗaya kullum tana hanyar filin jirgi ko kai takarda ma'aikatar harkokin waje. To ni in Kaduna ko Kano ta kama sai haya. Kuma wallahi hakan ya fi min, don in ka shiga unguwa da lambar ofishin jakadanci kowa ya san ka zo, wanda ka je gani ma sai ya gyara zama ya fara yi maka jawabi kamar yana gaban kyamara, hirar gaskiya ta tafi ke nan.

Inda na gwada su sosai shi ne zaɓen gwamnoni na 2023. Mun yi bukin don 11 ga Maris, kwatsam INEC ta ɗage zuwa 18 saboda sake saita na'urorin BVAS masu tantance masu zaɓe, na kira su ina ɗar-ɗar za su ce kuɗinmu ya bi ruwa, sai manajan ya ce ba komai an matsar. Wannan na yaba musu. Suka turo Prado mai tsafta, esi na aiki, da wani dattijo Bazazzagi da nake kira Baba. Ku tuna lokacin ne ake wahalar canjin kuɗi, sababbin takardu babu, tsofaffi ana ƙin karɓa duk da kotun ƙoli ta ce a ci gaba da amfani da su, taransifa kuma sai ta yi awa ba ta shiga ba. Baba ya zo da tsabar kuɗinsa a safa, ya ce yallaɓai na mai ne, ka biya ni in mun dawo. Ni da nake ɗauke da kwamfuta da wayoyi biyu ban yi wannan tunanin ba.

Sharaɗinsa ɗaya ne, a tashi bayan sallar asuba, kuma ba ya bin tsakanin Kateri da Rijana in la'asar ta wuce ko wa ya ce. Ban yi musu ba. Za ku ce me ya hana ni bin jirgin ƙasa, to bayan harin 28 ga Maris 2022 ofishinmu ya daɗe bai yarda ba, kuma ko ka bi a Rigasa zai ajiye ka, Kano fa?

A shingen jami'an tsaro na ƙara sanin darajarsa. Tun daga nesa ya rage gudu ya sauke gilas, sannunku da aiki, ya miƙa takardu kafin a tambaya. Mutane suna ɗauka wai muna da rigar kariya, ina! Yarjejeniyar Vienna ta 1961 jami'an da aka turo daga waje take karewa, ni ɗan ƙasa ne, in aka ce fito fitowa zan yi kamar kowa, katin ofis ɗin nan sai dai ya sa a yi min magana da ɗan laushi.

Abin da ya fi burge ni kuwa bakinsa. Kwana biyar ina waya a bayansa da mutanen jam'iyyu daban-daban, ko sau ɗaya bai tsoma baki ba, kuma ban taɓa jin maganata ta fita ba. Amma kunnensa a buɗe yake. Mun tsaya Kwanar Ɗangora shan shayi ni ina duba Twitter, shi ya je ya zauna kan benci cikin 'yan tasha, da muka koma mota sai ya ce yallaɓai ka ƙirga jajayen hulunan nan kuwa? ai Kano ta riga ta tafi. Ranar Litinin 20 ga wata aka sanar Abba Kabir Yusuf na NNPP ya kayar da Nasiru Gawuna, gari ya rikice da murna, gwamnati ta sa dokar hana fita, ashe tun daren Lahadi Baba ya cika tanki ya ɓoye motar a bayan otal. Rabin abin da na sa a rahotona kan yanayin gari daga bakinsa na ji, oga har yana cewa na iya karantar mutane, na yi shiru abina.

To yanzu ga inda suka ɓata min rai. Rasit. Wanda bai yi aiki a irin ofishinmu ba ba zai gane ba, akantarmu mace ɗaya ce kuma odita daga can gida yake binta kan kowace naira. Suka kawo rasit na hannu ba hatimi, kwanan watan ma na 11 ne ba su gyara ba, ta ce ba ta karɓa. Sati uku ina sintiri Garki, yau mai hatimi ya fita gobe firinta ba tawada, kuɗin man da na mayar wa Baba daga aljihuna ya maƙale har albashi ya zo.

Tafiya ta biyu kuma, bayan an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, suka ƙara kuɗi ba su rubuto ba sai a takardar biya na gani. Ƙarin ban ƙi ba kowa ya san yadda mai ya koma, amma a faɗa mana mana. Sannan ba Baba suka turo ba, wani yaro ne, tuƙinsa ba laifi amma safaya ba iska sai da muka tsaya wajen mai faci a Tafa, kuma muna isa gidan wani tsohon ɗan majalisa a Kaduna na leƙo ta taga na hango shi yana ɗaukar hoto a jikin get zai sa a status. Gabana ya faɗi, mutumin nan da sharaɗin ba wanda zai san mun haɗu ya yarda ya gan ni. Na fita na sa ya goge a gabana. Da na kai ƙara manajan ya ba da haƙuri sosai, ya ce yaron sabo ne.

Har yanzu su nake ɗauka, in maki ne uku da rabi cikin biyar, na Baba daban. Yanzu kafin in ce to sai sun turo min farashi a rubuce, na ga hoton rasit mai hatimi, na taɓa safaya da hannuna. In kuma suka ce Baba ya yi tafiya, ganawar nake ɗagewa har ya dawo.