Bod mai 7805 da mai LM2596: yadda ake haɗa su a gwada

Malam, ka ce kana da bod ɗin gwaji biyu, ɗaya mai 7805 ɗaya mai LM2596, dukansu ƙananan na'urorin sauke ƙarfin wuta ne su daidaita shi, kana son sauke 12V zuwa 5V amma ka rasa wanda za ka ɗauka da yadda za ka gwada shi. To farkon aikin dai duk ɗaya ne. Kafin ka jona komai ka ƙayyade wa na'urar ba da wutarka karant (yawan wutar da ke gudana) ɗan kaɗan, kamar 100mA, don ko akwai shot (haɗuwar wayoyin da bai kamata su taɓa juna ba) a bod ɗin kada ka ga hayaƙi. Kunna ba lodi, wato ba abin da ke jan wuta a fita, ka auna, in 5V ta fito sai ka ɗaga iyakar ka sa lodi. In rizista mai ohm 10 ka sa a matsayin lodi zai ja 0.5A, kuma shi kansa zai ci 2.5W, saboda haka nemi mai 5W. Bakin mita kuma a kan bod ɗin za ka ɗora shi, don waya doguwa siririya tana cinye wani abu a hanya.

Daga nan ne suke rabuwa. Shi 7805 ba shi da rigima wajen haɗawa, kafasita 0.33uF a shiga, 0.1uF a fita, shikenan, sai dai yana son wutar shiga ta fi ta fita da kamar 2V, wato ƙasa da 7V ka fara ganin 5V ɗin tana zamewa. Matsalarsa zafi ce. Rarar 7V da ke tsakanin 12V da 5V sau 0.5A, 3.5W ke nan yake mayarwa zafi kawai, abin da ya isa lodi bai kai kashi 42 cikin 100 ba, kuma in ba ka ɗaura masa ƙarfen sanyaya ba zai yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kai ba har ya katse wutar da kansa. Shi ya sa gwajinsa na haƙuri ne, ka bar shi da lodi wasu mintuna kana duba mita, ba ka ga 5V a sakan na farko ka ce an gama ba.

LM2596 kuwa yanka wutar yake yana kunnawa da kashewa a 150kHz, wato sau dubu 150 a sakan ɗaya, yana ɗaukar har 3A. Da wannan lodin dai ka leƙa karant ɗin shiga, 7805 zai nuna maka 0.5A da ɗan ɗori, LM2596 kuwa kusan rabin haka. Amma fa yankan nan yana barin hayaniya (rawar wuta) a fita, kuma mita ba za ta gaya maka gaskiyarsa ba, sai osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, ka sa shi a AC, ka rage iyakar mitar da yake karantawa zuwa 20MHz, ka cire doguwar wayar giraun (0V) ɗin nan mai baki kamar kada ka sa ɗan gajeren sifirin, in ba haka ba rabin hayaniyar da za ka gani wayar ce ta kwaso ta. In kuma ya ƙi tashi gaba ɗaya duba jamfar ON/OFF, ɗan mahaɗin kunnawa da kashewa, shi sai an kai ƙafar nan giraun yake kunnuwa, mutane da yawa nan suke maƙalewa.

Ni dai a 0.5A daga 12V LM2596 zan ɗauka. In sensa ce mai son wuta tsaf ko kayan sauti, ka saita LM2596 a 7.5V in mai juyawa ne, wato wanda ake iya sauya wutar fitarsa, ka bi shi da 7805, zafin 7805 ya sauko zuwa 1.25W.