Mako shida a ajin Turancin yamma a Jos: sharhi kan darasin "had"

Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiya ta masu sayar da dankalin Turawa da kayan gwari a kasuwar Farin Gada, kuma cikin aikina akwai rubuta bayanin taro da wasiƙun da muke aika wa banki da masu motocin ɗaukar kaya, waɗanda duk da Turanci ake yin su. Jimla ɗaya ce ta kai ni ajin da zan yi sharhi a kansa. A bara wani kamfanin sufuri ya yi alkawarin kwaso mana buhunan dankali daga Bokkos, amma direbansa ya tashi tun kafin mutanenmu su iso da kayan. A takardar ƙorafi na rubuta, "When our members arrived, the lorry left." Manajan kamfanin ya riƙe wannan jimla ya ce ai da hannunmu muka shaida cewa motar tana tsaye har mutanenmu suka iso, sannan ta tashi a gaban idonsu. Abin da ya kamata in rubuta shi ne "the lorry had left". Saboda rashin kalma mai harafi uku aka raba asarar gida biyu, ni kuma na sha kunya a gaban shugabanmu.

Cibiyar da na shiga tana kusa da Titin Bauchi, ba nisa da Jami'ar Jos. Na biya naira 30,000 na mako shida, ana zama sau uku a mako daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba. Mu 14 ne a ajin. Yawanci ma'aikatan jinya ne masu shirin jarrabawar IELTS ta gwada Turancin masu neman aiki ko karatu a ƙasashen waje, wadda ake ba da makinta daga 0 zuwa 9, sai samari uku da za su sake rubuta WAEC, sai ni da na girme wa kowa in ban da malamin.

Malamin tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya, kuma shi ne dalilin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba. Ranar da muka iso kan abin da littattafan nahawu ke kira "past perfect", bai fara da Turanci ba. Ya rubuta jimla biyu na Hausa a allo: "Da muka isa sai suka tafi" da kuma "Da muka isa sun riga sun tafi". Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Sakatare, a wacce kuka gaisa da mutanen?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ta farko." Ya ce to abin da "suka" ke yi a Hausa, wato jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ne aikin "they left", abin da "sun riga sun" ke yi kuwa, wato komawa baya a tsakiyar labari domin a ɗauko abin da ya gabaci sauran, shi ne aikin "they had left". Ya raɗa masa suna shuɗaɗɗe kafin shuɗaɗɗe. Shekara da shekaru ina ganin wannan siga a jarida da takardun ofis, amma ban taɓa samun wanda ya nuna mini cewa tun ina yaro nake yin irin wannan bambanci da bakina ba.

Ginin sigar ba shi da wahala: "had" ga kowa, namiji ko mace, ɗaya ko jam'i, sannan siga ta uku ta aikatau, kamar "gone" a "had gone". Wahalar tana ga aikatau ɗin da ba sa bin ƙa'idar ƙara "ed", waɗanda sun haura ɗari, kamar "go, went, gone" da "write, wrote, written". Nan ne kusan dukanmu muka riƙa tuntuɓe da "had went" da "had wrote", kuma malamin bai ɓoye mana cewa babu wata dabara sai hadda ba.

Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne na mako na huɗu, kan maganar da ake ruwaitowa, domin kusan duk bayanin taro ruwaya ce. Idan ma'aji ya miƙe ya ce "We have paid the rent", sakatare zai rubuta "The treasurer said they had paid the rent", haka kuma idan cewa ya yi "We paid". Na kawo tsohon littafin tarukanmu aka duba shafi uku a gaban aji, jan biro ya cika su. Daga nan muka shiga sharaɗin abin da bai faru ba, inda Hausa ta sake taimaka mana, tun da "da na sani da ban biya ba" ita ce "If I had known, I would not have paid". Malamin ya yi dariya ya ce Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce, Bature ma a baya ya ajiye ta, shi ya sa ya ba ta "had". Ya kuma ja kunnenmu kan "I'd", wadda takan zama "I had" ko "I would", sai an dubi aikatau ɗin da ke biye kafin a gane.

Wani kuskure da ya gyara mini, wanda na lura ya yaɗu a wasiƙun ofisoshinmu, shi ne ɗaukar "had" a matsayin alamar daɗewa. Ni a da ina rubuta "I had travelled to Kano in 2015" ina ganin na ƙawata magana, alhali idan babu wani lokaci na biyu da ake auna tafiyar da shi, "I travelled" ce daidai, ko da shekara hamsin aka yi. Haka nan idan akwai "before" ko "after" a jimla, sau da yawa su kansu sun bayyana jerin, ba dole sai an sa "had" ba. Wannan bayani ya zo a makare, a mako na biyar, bayan wasu daga cikinmu sun fara yayyafa "had" a kowace jimla kamar gishiri a miya. A ganina da shi ya kamata a haɗa tun ranar farko.

Inda cibiyar ta gaza shi ne wajen kayan aiki da duba rubutu. Takardun da aka raba mana hoto ne na hoto, wasu layukan sun dushe har ba a karanta su, kuma kusan duk atisayen na cike gurbi ne, inda an riga an sa "already" ko "by the time" a jimlar, ta yadda mutum zai ci goma bisa goma ba tare da ya yi tunani ba. Misalan kuma na jirgin ƙasan da ya kuɓuce wa wani a Landan ne da ƙanƙarar da ta rufe hanya. An yi mana alkawarin duba dogon rubutu kowane mako, amma sau biyu kawai aka yi, domin malami ɗaya ne ke riƙe da aji uku. Ma'aikatan jinyar sun fi ni jin zafin wannan, tun da jarrabawarsu tana buƙatar rubutu biyu cikin awa ɗaya, ɗaya na kalmomi 150, ɗaya na 250. Sau uku kuma wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba, muka ƙarasa darasi da fitilar waya cikin sanyin Jos na Disamba.

Ga mai aiki irin nawa, wanda yake da Turancin yau da kullum amma jerin aukuwa ke rikice masa a takarda, ajin ya biya kuɗinsa, muddin wannan malami ne zai koyar, don haka a tambaya kafin a biya. Mai shirin IELTS kuwa zai buƙaci wani daban da zai riƙa duba masa rubutu. Sigar "had been waiting", wadda ke nuna abin da aka daɗe ana yi kafin wani ya auku, kamar a ce sun yi awa uku suna jira kafin mota ta iso, minti ashirin kacal aka ba ta a ranar ƙarshe. An ce za a kira mu zama na musamman a kanta bayan hutun Kirsimeti, har yau ba a kira ba.