Daurar Nuraniyya ga malaman Islamiyyar Asabar da Lahadi: abin da take gyarawa da inda ta gaza

Ƙa'idatun Nuraniyya ɗan littafi ne na koyon karatun Alƙur'ani daga haruffa, mai darasi 17, wallafar Shehu Nur Muhammad Haƙƙani, malamin ƙasar Indiya da ya rasu a 1925. Ana samunsa a shagunan littattafan addini da kuɗi kaɗan, kuma cibiyoyin hadda da dama suna shirya wa malamai daura, wato kwas na horarwa, a kansa. Hukuncinmu a taƙaice: daurar ta cancanci kuɗinta, sayen littafin kuwa a miƙa wa malamin da bai zauna gaban mai koyarwa ba asara ce.

Dalili shi ne littafin ba a karanta shi da ido kaɗai, daga baki ake karɓarsa. Darasi na farko sunayen haruffa ne, kuma a nan daura mai kyau take daɗewa, don a nan harshenmu yake tuntuɓe. Bahaushe yana fitar da harafin fa da leɓɓa biyu, alhali mafitarta bakin haƙoran gaba na sama ne da cikin leɓen ƙasa. Harafi mai ɗigo uku na bayan harafin ta yana koma masa sa, zal tana koma za, harafin ض yana zama lam tsantsa a ƙarshen Fatiha. Ba ƙaramin abu ba ne: in aka mayar da aini hamza, “mai sani” ya zama “mai raɗaɗi”, in ƙaf ta zama kaf, “zuciya” ta zama “kare”. Malamin da ke da wannan kuskure a bakinsa, duk ajin zai gada, kuma gyara ya fi koyarwar farko wuya.

Abu na biyu da daurar take bayarwa shi ne tsarin hijja, wato haɗa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya har kalma ta fito. Kalmar farko a darasi na 6, abadan, ana bin ta daki-daki: hamza fataha a, ba fataha ba, aba, dal fatahataini dan, abadan. Wanda ya taso da babbaƙu da farfaru zai ga ba baƙon abu ba ne, sunaye ne suka sauya, wasali bisa ya zama fataha, ɗauri ya zama sukun. Darasi na 3 kuwa, na haruffan farkon surori, shi ke sa malami ya riƙa auna ja da haraka, wato tsawon wasali guda: 2 a wasu, 6 a wasu.

Ga inda matsala take. Tsarin ya fi dacewa da aji na kullum. Makarantar da ke zama awa 3 ranar Asabar da awa 3 ranar Lahadi tana da awa 6 a mako, kuma a ciki ake raba Fiƙihu da Hadisi da Tauhidi da Sira. Sai kwana 5 babu karatu. Malamin da ba a koya wa dabara ba yakan sa aji duka su yi ta maimaitawa da murya ɗaya, sai darasin ya zama waƙa. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe shafin da takarda, a bar gida ɗaya, wato akwatin harafi ko kalma, daga tsakiyar layi. Yaron da ya rera shafin gaba ɗaya yanzun nan zai yi shiru yana kallon malam.

Maganin da muka ga yana aiki: minti 10 na farko tilawar darasin makon jiya, minti 15 sabon darasi a allon bango, sauran lokacin kowane yaro ya biya shi kaɗai, ana tsallaka masa gidaje, daga ƙasa zuwa sama. Wannan ba ya yiwuwa in aji ya wuce yara 20. Kada a wuce darasi na 4 da na 5, na wasula da tanwini, da gaggawa, domin yaron da ke jan wasali gajere ba zai bambance shi da madda ba in an kai darasi na 8.

Akwai kuma giɓin da littafin bai taɓo ba, don ba domin ƙasarmu aka rubuta shi ba. Nuraniyya tana kan ruwayar Hafsu da rubutun Gabas. Yaron da ke zuwa makarantar allo sauran kwanaki yana karatu da ruwayar Warshu da rubutun Magaribi, inda harafin fa yake da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ranar Asabar ya ga harafi mai ɗigo ɗaya a sama, wanda a rubutun Gabas fa ne, ya ce ƙaf, malam ya ɗaga bulala. Yaron bai yi kuskure ba. Haka in ya karanta “maliki yaumid dini” ba tare da jan mim ba, ruwayarsa ce ingantacciya. Mai shirya daura a ƙasar Hausa ya kamata ya ware zama guda kan wannan.

Kafin hukumar makaranta ta biya, ta tambayi abu uku: shin kowane malami zai biya darussan 17 shi kaɗai a gaban mai horarwa, shin za a sa shi ya koyar da aji ana kallonsa, shin takardar shaida sai an ci jarrabawar baki ake ba da ita. In halarta kawai ake lissafawa, a nemi wata cibiyar. A tura malamai 2 aƙalla daga kowace makaranta, don su riƙa sauraron juna bayan sun dawo, kuma makaranta ta ɗauki kuɗin mota da abinci, tunda yawancinsu alawus ɗin da suke karɓa bai taka kara ya karya ba.