Sharhi: garin Maseca da ƙarfen matsa tortiya, ga gidan da kowa ke da abin da ba ya ci

A gidan da likita ya hana mutum ɗaya alkama, wani madara ke ɓata masa ciki, kaka na fama da hawan jini, yara kuma ba sa shiri da yaji, tako na Meziko abinci ne mai raba gardama, domin ba a haɗa shi a tukunya ɗaya. Ana ajiye tortiya, wato siririyar gurasar masara, a tsakiya, kowa ya ɗora abin da jikinsa ke karɓa. Kaya biyu na yi aiki da su: farin garin Maseca, da ƙarfen matsa tortiya na zubi mai faɗin santimita 20. Garin ya cancanci kuɗinsa ba tantama. Ƙarfen ma haka, sai dai yana son a san hannunsa.

Maseca na kamfanin Gruma ne, wanda ya fara aiki a jihar Nuevo León ta Meziko a 1949. Irin wannan garin ana kiransa "masa harina", kuma irinsa za a nema ko da wani kamfani ne ya yi. Kafin a niƙa masarar, sai an dafa ta a ruwan da aka sa wa wani farin sinadari mai kaifi da mutanen Meziko ke kira cal, a jiƙa ta, a wanke, sannan a busar. Wannan dahuwar ce ke sa garin ya haɗe ya yi danƙo ba tare da alkama ba, kuma ita ce ke sakin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara har jiki ya iya amfana da shi. Garin masarar tuwo ba zai maye gurbinsa ba. Duk yadda aka kwaɓa shi, yana taɓa kasko zai farfashe. Garin arepa, wata gurasar masara ta Kolombiya da Benezuwela, ma daban ne, ko da yake a kanti sau da yawa a jere ake ajiye su.

Awon da ya fi yi mini daidai shi ne kofi 2 na gari, kofi 1 da rabi na ruwa mai ɗumi, da kwatan ƙaramin cokali na gishiri, wanda za a iya bari gaba ɗaya saboda mai hawan jini, ba abin da zai ragu a haɗuwar ƙullun. A murza minti biyu, a rufe da ɗanyen tsumma, a bar shi minti 15 zuwa 20 garin ya sha ruwa. Kada a tsallake hutun nan. Bayan haka a gutsuro kaɗan a mulmula a danna a tafin hannu: in gefen ya tsattsage, a ƙara ruwa babban cokali ɗaya-ɗaya, in ya manne a hannu, a barbaɗa gari. A lokacin hunturu kusan kullum sai an ƙara ruwa. Wannan awon na ba da curi 16 zuwa 18, kowanne giram 30 zuwa 35.

Shi ƙarfen, nauyinsa ne ke yin aikin, shi ya sa na fi son na zubi a kan na alminiyom mara nauyi. A yanka leda mai kauri gida biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Siririyar leda na tattarewa ta yaga ƙullun. Ɓangaren da ke kusa da mahaɗin murfin ya fi matsewa, don haka tortiyar kan fito gefe ɗaya siriri, gefe ɗaya mai kauri. Maganinsa a matsa sau ɗaya a hankali, a juya ledar gaba ta koma baya, a sake matsawa. Kauri kamar milimita 2 ake so, faɗi santimita 13 zuwa 15. Kada a hau kan mariƙin da dukkan nauyin jiki, domin ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma tortiyar da ta yi siriri da yawa ba ta ɓaruwa daga leda. Ba a jiƙa ƙarfen a ruwa. A goge, a busar, a shafa ɗan mai, in ba haka ba tsatsa ta kama shi.

Kasko busasshe ake so, ba mai, kuma ya yi zafi sosai. Daƙiƙa 20 zuwa 30 a fuskar farko, da zarar gefen ya fara ɗagowa a juya, minti ɗaya a fuska ta biyu, a sake juyawa. A nan ne tururin ciki ke kumbura ta kamar balan-balan. In ba ta kumbura ba, ko wuta ta yi sanyi, ko an bar fuskar farko ta bushe. Ana saukewa a jera su cikin tsumma mai tsabta a rufe minti goma, tururin junansu ne ke tausasa su har su naɗu ba su karye ba. Babban abin da za a yi la'akari da shi lokaci ne: mutum shida, kowa huɗu, tortiya 24 ke nan, kusan minti 50 a kasko ɗaya. A ɗora kasko biyu.

Wurin mai cutar siliyak, wadda gulutin na alkama ke lalata wa hanji, nan ne na fi damuwa. Garin kansa masara ce, kuma an rubuta a jakarsa cewa ba gulutin. Haɗarin yana cikin kicin: katakon da aka murza fulawa a kai, kaskon da aka ɗumama tortiyar alkama, cokalin da ya fita daga wannan kwano ya shiga wancan. A gasa na masara da farko, a ware masa nasa a rufe. A karanta bayan duk wani ƙunshi, domin wasu dunƙulen miya, da miyar waken soya ta kwalba, da wasu haɗaɗɗun kayan ƙamshin tako suna da alkama, wasu ma da garin madara. Har tortiyar kanti da aka rubuta ta masara ce, wata an gauraya ta da fulawa. Gara a haɗa kayan ƙamshi a gida: ƙaramin cokali ɗaya na kumin, ɗaya na jan tattasai niƙaƙƙe mara zafi, rabi na garin tafarnuwa, rabi na oregano, ga rabin kilo na nama. Gishiri ya tsaya a tebur.

Ga Musulmi akwai wani karatun. A girkin Meziko ana soya dakakken wake da kitsen alade, ana kuma sa shi a tortiyar fulawa, kuma a jikin gwangwani zai fito da sunan manteca ko lard. Tako al pastor da carnitas na alade ne tun asali. Kaza ta wadatar: irin ta Puebla da ake kira tinga, a dafa a yayyaga, a juya ta cikin tumatir da albasa, a ɗebi ta yara kafin a sa barkono.

Wake giram 250 a jiƙa shi ya kwana, a dafa da albasa da tafarnuwa a ruwa zalla, ba romon nama ba, don wanda ba ya cin nama ya samu. A daddanna shi a babban cokali 3 na mai, kuma in akwai wanda gyaɗa ke tayar wa ƙaiƙayi ko kumburi, ban da man gyaɗa. Cuku da kirim su zauna a kwanonsu da cokalinsu. Wanda madara ba ta karɓe shi ba ya sa dakakkiyar fiya da lemun tsami, maiƙon ɗaya zai ji. Lemun tsamin nan shi ne ke rufa wa abincin mai hawan jini asiri, har ba a jin rashin gishiri sosai. Mai ciwon suga ya sani kowace tortiya na da sitaci kusan giram 10 zuwa 12, don haka ya ƙirga gwargwadon abin da likitansa ya tsara masa, ya cika da kabeji da kaza, ko ya naɗe sauran a ganyen latas.

Ɗanɗanon garin bai kai na masarar da aka dafa aka niƙa a ranar ba, wannan haka yake ga duk busasshen gari irinsa, amma ya zarce tortiyar leda nesa ba kusa ba. Bayan an buɗe jaka a juye shi a roba mai murfi saboda ƙwari da danshi. Tortiyar da ta rage na kwana uku a firji. A yayyafa mata ruwa a mayar kasko mai zafi, wadda ta bushe kuma a yanka ta gida huɗu a soya, a ci da ragowar waken.