Wasiƙa daga Kayen: layin da ake bi kafin shiga jirgi

Jama'ar Damagaram, ina gaishe ku daga Kayen, babban birnin Guyan ta Faransa, can Kudancin Amurka tsakanin Barazil da Suriname. A takarda tun 1946 yankin ya daina zama ƙasar mallaka, ya zama jihar Faransa. Kuɗinsu yuro, tutarsu ta Faransa, perefe, wato wakilin gwamnati, daga Paris ake turo shi. A nan aka haifi Félix Éboué, gwamnan Chadi da ya bi De Gaulle a 1940.

Zan tafi Paris, na iske layi tun kafin wurin auna kaya. Ɗan sanda ya karɓi fasfo ya shiga tambaya: wa ya saya maka tikiti? Wa zai tarbe ka? Ina za ka kwana? Ni da furfurata, gumi ya karyo mini kamar yaro a gaban malamin allo. Tun ƙarshen 2022 kowane fasinja sai ya bi ta nan, don hodar ibilis da ke ƙetaro kogin Maroni daga Suriname cikin kwalekwale, a cikin cikin mutane take tafiya Turai. Samari da 'yan mata su haɗiye ƙulli-ƙulli, su zauna awa takwas a sama, in guda ya fashe sai dai gawa. Wanda aka yi shakkarsa, takardar perefe ta hana shi shiga jirgi kawai za a miƙa masa, ya koma gida.

Abin da ya tsaya mini a rai, babu wanda ya ce a ba shi na goro. Babu "ka san ko ni wane ne?" Mai kwat da mai silifas duk layi ɗaya. Na tuno shingayen hanyar Agadez, inda direba ke sauka da takardu a naɗe, ya dawo yana murmushi. Tiramol ta cinye mana yara, 'yan palais, gungun samari 'yan daba, sun addabi unguwanni, mu kuwa in an kama ɗan wani sai dattawa su ɗunguma komisariya roƙo. Wallahi mu ma da namu laifin.

Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Waɗanda ake kamawa 'ya'yan talakawa ne, da yawansu daga Saint-Laurent-du-Maroni, garin da ke bakin iyakar Suriname, inda aikin yi ya yi ƙaranci. Masu kayan ba sa bin layi. Gungun 'yan daban Barazil sun shigo da bindigogi, a daji kuma sojoji da jandarmomi suna fama da masu haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya tun 2008, abin bai ƙare ba. A Kourou ana harba tauraron ɗan'adam, a Kayen magariba na yi mutum ya fara waige-waige. Kayan masarufi kuwa yawanci jirgin ruwa ke kawo su daga Faransa, tsada sai wanda ya gani. Gero babu, fura sai a mafarki, garin rogo ne ya rufa mini asiri.

A 2025 ministan shari'a Gérald Darmanin ya sanar da gina kurkuku mai tsananin tsaro a Saint-Laurent, har da sashen manyan dillalan ƙwaya. Mutanen nan suka harzuƙa. Garin ne fa inda Faransa ta riƙa jibge fursunoninta a da, na ƙarshensu ba su bar yankin ba sai 1953, kuma abokan aikina cewa suke, makarantu da asibitoci suka roƙa, aka aiko musu da gidan kaso.