Darasin Try Curling a Sikotland: koyarwa ta yi kyau, ɗakin ƙanƙara ne ke wuya

Scottish Curling ita ce hukumar da ke riƙe da wasan kalin a Sikotland, wasan da ake sulala dutse mai nauyin kilo 17 zuwa 20 a kan ƙanƙara, mutum biyu na biye da shi suna goge masa hanya da buroshi. An kafa ta a Edinbura a 1838, kuma tun 1843 sunanta na hukuma shi ne Royal Caledonian Curling Club bayan Sarauniya Victoria ta amince mata. Dokokin da duniya ke bi a wasan daga hannunta suka fara fitowa. Sai dai ba da tarihi za mu auna ta ba. Abin da muka duba shi ne Try Curling, darasin farko da take shirya wa wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba. Darasin kansa ya cancanci yabo. Abin da ke biyo bayansa ne ke da gyara.

Ta intanet ake kama gurbi, a zaɓi ɗakin ƙanƙara mafi kusa. Darasin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuɗinsa kuma ya danganta da ɗakin. Duwatsu da buroshi da tafin sulɓi da ake sa wa a ƙarƙashin takalmi ɗaya, duk a can ake bayarwa. Naka shi ne wando mai saki, riguna biyu ko uku da za ka iya ragewa idan jiki ya ɗau zafi, safar hannu, da takalmin motsa jiki mai tsabta wanda ba da shi ka tako titi ba. Kada a raina maganar takalmin nan. Dutsen ba da dukkan gindinsa yake tafiya ba, a kan wani siririn zobe yake gudu wanda faɗin da’irarsa kusan santimita 13 ne. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin zare ya shiga ƙarƙashin zoben, sai ka ga dutsen da ke tafiya lafiya ya karkace ya mutu a rabin hanya.

Inda masu koyarwar suka fi burgewa shi ne jifa, domin hukumar ce ke horar da su kuma tsari ɗaya suke bi. Da ƙafar da ke da riƙo ake fara hawa ƙanƙara, da ƙafar sulɓi ake fara sauka. Mafi yawan faɗuwar sababbi a bakin fili take faruwa saboda an juya wannan. Mai jifa da dama yakan sa ƙafar dama a madogarar roba ta hagu, ya tsuguna, ya ɗaga ƙugu, ya ja dutsen baya kaɗan, sannan ya tura shi gaba, ƙafar hagu ta shigo bayan dutsen daidai ƙarƙashin ƙirji, ta dama ta miƙe a baya. Ƙarfin daga ƙafa yake zuwa. Wanda ya ƙara da hannu a ƙarshe ya ɓata saiti da nauyin jifa gaba ɗaya. Idan ƙafar sulɓi ta fita gefe, jiki zai rinjaya, mutum ya danne dutsen don kada ya faɗi, shi ke nan dutsen ya rasa gudu. Wajen saki, ana riƙe mariƙin a kan ƙarfe goma ko ƙarfe biyu na fuskar agogo, a mayar da shi sha biyu a hankali, a sake dutsen kafin a kai layin iyakar jifa da ke shate a kan ƙanƙara. Juyi biyu da rabi zuwa uku ake so daga nan har gida, wato da’irorin da ake auna wa dutsen a ɗaya ƙarshen filin. Ya yi yawa, dutsen ba zai lanƙwasa ba. Babu shi sam, dutsen zai bi duk inda ƙanƙara ta ja shi.

Akwai hani uku da kowane mai koyarwa na kirki zai nanata: ba a ɗaga dutse, ba a tare shi da hannu sai da buroshi, ba a kuma barin tafin hannu ko gwiwa a ƙanƙara bayan jifa. Na ƙarshen saboda ƙanƙarar ba sumul take ba. Kafin wasa ana yayyafa mata ruwa, ɗigon ya daskare ya zama ƙananan ƙuraje, a aske kawunansu, kuma a kansu dutsen ke gudu. Ɗumin hannu na ’yan daƙiƙu ya isa ya narkar da su ya bar tabo.

Shara kuwa ba ta samun haƙƙinta a darasin farko. Lokaci ya yi kaɗan, kowa kuma jifa yake ɗoki. Alhali masu shara biyu da suka iya kan ƙara wa dutse mita biyu zuwa uku, su kuma rage masa lanƙwasa. Kuskuren sababbi ɗaya ne: nauyinsu na kan ƙafa, buroshi na shafa kawai, maimakon a kwantar da nauyin kafaɗa a kan buroshin. Lissafin ci ana bayaninsa a gurguje: mutum huɗu kowane ɓangare, dutse biyu-biyu, 16 ke nan a zagaye, kuma ɓangaren da dutsensa ya fi kusa da tsakiyar gida shi kaɗai ke samun maki. Dabarun kafa duwatsun tsaro sai an shiga ajin masu koyo na makonni.

To, a nan ne aikin hukumar ke gamuwa da abin da ya fi ƙarfinta. Ɗakunan ƙanƙarar ba nata ba ne. Na ƙananan hukumomi ne, na otal-otal, ko na ƙungiyoyin ’yan wasa. Wasu na kalin ne kaɗai, wasu ana raba su da masu gudun takalmin ƙarfe da ’yan hoki. A irin na biyun, ƙanƙarar kan rasa daidaito, dutse ya riƙa gangarawa gefe ɗaya ko da jifar ta yi daidai, sabon shiga kuma ya ɗauka laifinsa ne. Fili ɗaya tsawonsa ya kai mita 45, ga shi dole a riƙe samansa wajen digiri biyar ƙasa da sifili, a kuma tsane laimar iska don kada raɓa ta daskare a kai. Wannan duk wutar lantarki ce. Tsadarta ce ta rufe ɗakin ƙanƙara na garin Ayr a 2023, a yankin da kamfanin Kays ke sassaƙa duwatsun wasan daga dutsen tsibirin Ailsa Craig. Komawa kan daskararren tafki ma ba mafita ba ce: babbar karawar Grand Match tana buƙatar ƙanƙara mai kaurin inci bakwai, kuma rabon da a yi ta a waje tun 1979 a tafkin Menteith. Najeriya, wadda ta shiga hukumar wasan ta duniya a 2018, ta san wannan ciwo fiye da kowa, tunda akasarin koyon da ake yi a gida a kan daɓe ne da duwatsu masu taya.

Ta fuskar buɗe ƙofa, hukumar ta yi ƙoƙari. Tana da shirin Curling’s Cool na ’yan firamare, akwai wasan masu keken guragu, akwai kuma sandar tura dutse ga wanda gwiwa ko baya suka hana shi tsugunawa, don haka dattijo ba shi da dalilin zama a benci. Horar da ’yan Olamfik aikin British Curling ne, a cibiyar Stirling da aka buɗe a 2017. Zinaren Rhona Martin a 2002 da na Eve Muirhead a 2022 sun jawo jama’a zuwa darasin, amma a Fabrairu ake Olamfik na hunturu, kakar wasa kuma tana ƙarewa wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ɗakuna da yawa su narkar da ƙanƙara har kaka. Wanda sha’awa ta kama shi a talabijin sai ya jira watanni kafin darasi na biyu.

Saboda haka a Oktoba ya fi dacewa a je. Kafin ka biya, tambayi ɗakin abu biyu: ko ƙanƙarar ta kalin ce kaɗai, da kuma ranar da ajin masu koyo na gaba zai fara.